Ƙananan kalmomin da ke riƙe da wa'adi a Ingila

A Ingila takarda ce ke tafiyar da rayuwa. Tun farkon zamana a Manchesta, kusan kullum sai an zuro wasiƙa ta ƙofa, ta asibiti, ta ƙaramar hukuma ko ta makarantar yara. Manyan kalmomin ciki ba su ba ni wuya ba. Ƙananan nan ne suka mayar da ni ɗaliba: at, on, in, by da until.

Ukun farko da sauƙi in an kama bakin zaren. Mu da Hausa "da" muke sa wa safe, dare da ƙarfe tara duka. Su kuwa sun raba: at na agogo ne, "at 9:30", on na rana, "on Monday", in na wata da shekara, "in March". Akwai 'yan bauɗaɗɗu, don ana cewa "in the morning" amma "at night". Baturen Ingila "at the weekend" yake cewa, na Amurka "on the weekend". Waɗannan ko ka sauya su, za a gane abin da kake nufi.

By ce ke ja wa mutum asara, kuma ita nake fara nuna wa duk wanda ya zo sabo. A Najeriya mun saba ganin "by 4pm" a katin gayyata, ma'ana ƙarfe huɗu za a fara. A nan wa'adi ne: ka gama kafin lokacin, in ya yi tsanani a daidai lokacin, amma kada ya wuce.

Wata maƙwabciyata ta shigo da takardar neman wa ɗanta gurbin firamare, ta ɗora yatsa kan "by 15 January".

"Anti, ranar nan zan cike ke nan?"

"A'a ƙanwata, ranar nan ake rufewa. Zauna mu cike yau."

Muka cike a wayarta, yaron na barci a cinyarta. Wanda ya makara, sai an gama raba gurabe ga waɗanda suka nema a kan kari kafin a waiwaye shi, ƙila yaro ya ƙare a makaranta mai nisa. Na sakandare 31 ga Oktoba ake rufewa. Mai sana'ar kansa da ke cike bayanan haraji ta intanet, in ya wuce 31 ga Janairu, tarar fam 100 ke jiransa.

Until daban take: abu na ci gaba har zuwa lokacin. Kantin magani da ya rubuta "open until 6pm" a buɗe yake har shida.

Sai "on time" da "in time". Na farko zuwa ne daidai lokacin da aka sa maka, na biyu isa kafin abu ya wuce ka. Wurin likita na farkon ake so, don wasu asibitocin unguwa in ka makara da minti 10 sai su ce ka nemi wata ranar.