Wasiƙa Daga Kebek Zuwa Ga Malaman Tahoua

Assalamu alaikum malamai ƴan uwana, ina gajiya, ina ɗawainiyar yara. Tun zuwana lardin Kebek na ƙasar Kanada tambayoyinku ba su wuce sanyi da albashi da yadda ake zama malami a nan ba. Sanyi dai akwai shi, albashi kuma yana da kauri, sai dai kuɗin haya ba ya barinsa ya kwana.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne takardu. Wanda ya zo da difloma daga waje, ko ya shekara goma da alli a hannu, ba ya samun cikakken lasisi sai ya kawo takardun karatunsa da shaidar izinin koyarwa daga ƙasarsu, ya rubuta jarrabawar Faransanci ko da a cikinsa ya yi karatu tun ajin farko, ya ƙara wasu darussa a jami'a, sannan ya koyar na awa 600 zuwa 900 ana sa masa ido.

Ɗan ƙasa ma ba a ɗaga masa ƙafa ba, domin shekara 4 yake yi a jami'a, da aƙalla awa 700 a cikin aji ƙarƙashin gogaggen malami. Wannan malamin yana zama a bayan aji yana rubutu, idan yara suka fita su bi darasin tare, ya nuna masa inda ya yi gaggawa da yaron da bai kula da shi ba. Kada ku ɗauka komai ya daidaita, su ma suna fama da ƙarancin malamai, har ana ba marasa lasisi azuzuwa.

A wajenmu, matashi ya fito daga makarantar horon malamai ta Kaocen, ko a ɗauke shi kwantaragi, a tura shi wani ƙauye wajen Keita ko Abalak cikin ajin zana, mai ba shi shawara kuma yana gari babu man babur. Jarrabawar da aka yi wa ƴan kwantaragi a 2017 ta fito da raunin fili, amma a ganina auna mutum bai koya masa yadda ake riƙe aji ba. Taron CAPED, inda malaman yanki ɗaya ke haɗuwa su ƙara wa juna sani, yana da amfani, sai dai tazararsa ta yi wa sabon shiga yawa. Da kowane darakta zai haɗa sabon malami da tsohon hannu, ya ware musu awa ɗaya a mako, wannan ya shiga ajin wancan, ba sai an jira takarda daga Yamai ba.