Taragon gyaɗa ya daina sauka daga layi

'Yan uwa, yau dai ƙaramin taragon jirgin ƙasa na kwaikwayo da na haɗa da hannuna ya wuce mahaɗar layi lafiya lau, gaba da baya. Ku taya ni murna, don har na fara tunanin jefa shi cikin kwali.

Ga masu tambayar me ya hana ni sayen haɗaɗɗe na Hornby ko Bachmann, kamfanonin da ke ƙera irin waɗannan ƙananan jiragen ƙasa, in huta: ina da su, kuma tun daga kwali suke gudu sumul. Amma taragon Ingila da Amurka ne. Ni kuwa layin Zariya zuwa Kaura Namoda nake kwaikwayo, wanda ya isa can a 1929 ya tsaya bai ƙaraso mana Sakkwato ba. Faɗinsa milimita 1,067 ne, shi ya sa nake aiki da ma'aunin 1:64, wato komai an rage girmansa sau 64, a kan ƙaramin layi mai faɗin milimita 16.5. Don haka gindi kawai, wato ƙasan taragon da tayoyi ke maƙale, nake ɗauka daga kayan haɗi na roba, jikin ni ke yankawa. Kuɗin aiko kayan ma ya zarce kuɗin kayan kansu, abin ya yi mini zafi.

Gindin nan shi ya wahalar da ni. Duk sanda ya zo mahaɗa sai ya hau bakin ƙarfe ya kife. Na auna tazarar bayan tayoyi, milimita 14.5 cif, yadda ya kamata. Na goge layi, na sauya tayoyi, ba abin da ya canza. Sai da na aza shi bisa gilashi na danna kusurwa ɗaya, na ga yana rawa kamar bencin mai shayi. Taya ɗaya a sama take, tsakaninta da gilashi bai wuce kaurin takarda ba, ido ba ya gani. Tarago mai taya huɗu kuwa ba ya yafe wannan.

Zafin garinmu ne sila. Da bazara, zafi ya haura digiri 40, gam mai ruwa kan bushe kafin ka daidaita gefe na biyu, sai ya kame a karkace. Wanda ya rubuta takardar umarnin bai san ranar Sakkwato ba. Na raba haɗin da reza a hankali, na kankare tsohon gam, na sake jera komai bisa gilashin bayan Asuba, tayoyi a gurbinsu, batir biyu a sama suna dannewa. Sai da duk huɗun suka zauna daram sannan na ɗiga gam da bakin buroshi, na bar shi har washegari ban taɓa ba.

Nauyi kuma na bi ƙa'idar NMRA, ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa ta Amurka, ta HO, wato ma'aunin da ke amfani da layi mai milimita 16.5: oza 1, a ƙara rabin oza kan kowane inci na tsawon tarago. Dalmar da masu gyaran taya ke maƙalawa a ƙafar mota na manna a ƙasa, kusan kyauta.

Saura fenti da buhunan gyaɗa. Wanda ya san yadin da zai yi kama da buhu a 1:64 ba tare da saƙarsa ta fito ɓaro-ɓaro ba, don Allah ya faɗa mini.