Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Shekarar da Adashinmu Ya Koma Garin Tuwo

A makon jiya na tsaya a inda matan layinmu suka ɗora mini riƙon adashi bayan rasuwar Inna. To, ban gama sanin kan littafin zubi ba korona ta shigo.

Da farko a rediyo muke jin ta, har aka ce ta sauka Legas a ƙarshen Fabrairun 2020. Mutanen Bauchi ba su ɗauke ta da gaske ba sai a watan Maris, da aka sanar cewa Gwamna Bala Mohammed da kansa ya kamu. Ko a nan ma wasu cewa suke ciwon masu hawa jirgi ne. Ni kuwa ta ƙofar makaranta ta shigo mini, don a bakin firamare nake sayar da masa. Da aka rufe makarantu, ƙullun da na kwaɓa a roba ya kwana ya yi tsami.

Sai aka hana acaba, aka taƙaita cin kasuwa, aka rufe iyakokin jihohi, direbobin Jos da Kano suka ajiye mota. Shinkafa dama tun rufe boda a Agustan 2019 take gudun talaka. Mutumin ƙauye ko ba komai yana da rumbu. Mu 'yan birni rumbunmu aljihun maigida ne, abin da ya samo da yamma shi za a ɗora da dare, ga haya, ga kuɗin mai ruwa. Ana cikin haka azumi ya kama a ƙarshen Afrilu.

Zubi ya tsaya cak. Mata suka taru a tsakar gidana, yawancinsu na cewa a raba abin da ke hannu kowa ta kama gabanta. Goggo, wadda ta girme mu duka, ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, in kin raba, kafin jibi an cinye. Aika kasuwar Muda Lawal a auno masara a niƙa."

Rigimar ita ce kuɗin na da mai shi. Kwasar watan ta wata ce da ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce, "Goggo, bikin ma ai an ɗaga shi. Amma a rubuta bashi ne." Na rubuta, kuma ban ga laifinta ba ko kaɗan.

Bayan isha'i muke rabo, mudu-mudu, yara na kai wa a ƙarƙashin hijabi. Goggo ce ta kafa wannan doka, ni kuma sai daga baya na ga amfaninta. Akwai wani malamin makarantar kuɗi a ƙarshen layi, mai fita da guga kullum, wanda albashinsa ya tsaya tun ranar da aka sallami yara. Ba wanda ya sa gidansa a lissafi. Wata safiya matarsa ta aiko 'yarta da kwanukan aurenta a ƙulle cikin zane, wai in nemo mata mai saye, kada kowa ya ji. Na mayar da kwanukan da gari a cikin babban. Har yau ba mu taɓa tayar da maganar ba, ni da ita.

Tallafin gwamnati mun ji shi: naira 20,000 ta wata huɗu ga waɗanda ke cikin rajista. A unguwa ma an yi rabon abinci, wasu sun samu, Allah ya saka. Sai dai rabon da ake bin layi na mai ƙarfin ƙafa ne da mai iya buɗe baki. Mai takaba ba za ta fita ba, malamin nan kuwa ya gwammace ya kwana da yunwa da ɗalibansa su gan shi riƙe da leda.

Garin tuwonmu ya kai mu goman ƙarshe na azumi. A daidai lokacin ne gwamnonin Arewa ke mayar da almajirai jihohinsu, ana cika motoci da su. Wani dare, ana dab da sahur, aka buga mini ƙofa a hankali. Ina buɗewa na ga almajirin da ke wanke mini tanda, ba takalmi, yana cewa, "Mama, don Allah kar ki bari a tafi da ni."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.