Santimita 30 da suka ruɗe ni a bakin kogi

Damina uku na yi ina karanta ma'aunin ruwa a bakin kogi, safe da yamma, ina rubuta lambar a littafi sannan in aika wa ofishin da ke tattara bayanai. Aikin ba shi da wuya, kuma sauƙin nasa ne ya sa na saki jiki.

A farkon damina ta uku, wani gungume da ruwa ya kwaso ya bugi sandar awon ya tumɓuke ta. Maimakon in kira masu awo su zo da na'urarsu su daidaita ta da alamar dindindin da ke jikin ƙafar gada, sai na mayar da ita da kaina, na gwada da ido, na ce ta koma mazauninta. Ashe na ɗaga ta da kusan santimita 30, wato duk lambar da na rubuta daga ranar ta gaza ainihin tsayin ruwan da wannan adadi.

Wanda bai san kogi ba zai ce taƙi ɗaya da 'yan kai ba wani abu ba ne. Muddin ruwa yana cikin kwarinsa, haka ne. Amma da zarar ya kai bakin gaɓa, ƙarin da ke zuwa ba sama yake yi ba, bazuwa yake yi a kan fadama, saboda haka 'yan santimita kaɗan a jikin sanda suna iya zama gonaki masu yawa a ƙarƙashin ruwa. A daren da kogin ya yi ambaliya, littafina yana cewa da saura kafin a kai jan layin gargaɗi, alhali ruwan ya riga ya wuce shi. Sama kuma garau take, domin ruwan da ya cika kogin can wajen mafarinsa ya sauka kwanaki kafin nan. Mutanen da ke jiran sanarwata suka kwashe kayansu cikin duhu, ruwa har gwiwa, wasu ma ba su tsira da amfanin gonarsu ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne alamun suna gabana. Akwai wani dutse da na san yana nutsewa idan ruwa ya kai wata lamba, ya nutse tun kafin lokacinsa, na gani, amma na gaskata sandar da na kafa da hannuna na ƙaryata dutsen da bai taɓa gusawa ba.

Yanzu ko rago ne ya jingina da sandar nan sai an sake daidaita ta da alamar gada. Idan ruwa ya fara hawa kuwa, duk bayan awa ɗaya nake dubawa har cikin dare, ina lissafa saurin hawansa, ba tsayinsa kaɗai ba. Shafukan da na cika da lambobin kuskure suna nan, na gyara su da jan biro ɗaya bayan ɗaya, kwana 41 cur.