Na Taka Ƙasa: Godiyata ga Mutanen Gari da Wani Injiniya

Assalamu alaikum jama'ar gari da na nesa.

Jiya Juma'a na je masallaci da ƙafata, ina dogara sanda. Rabona da fita tun ranar Alhamis ɗin nan da na faɗi a babur ina dawowa daga kasuwar Maigatari, yau wata uku da kwana tara ke nan. Da aka idar da salla na yi ta amsa "ya jiki" har bakina ya bushe, amma godiyar da ke raina ta fi ƙarfin tsayuwar ƙofar masallaci, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Alhamdulillahi. Ga wanda labarin bai kai masa ba: saniya ce ta ɓullo daga cikin kara, na kauce mata, buhun riɗin da na ɗauro ya rinjaye ni, ƙashin cinyata ta dama ya karye. Ba laifin kowa, ƙaddara ce ta riga fata.

Ina gode wa direban motar kasuwa da ya sauke buhunan mutane a bakin titi ya ɗauke ni zuwa Gumel, har yau ban san sunansa ba. Ina gode wa Kawu da ya sayar da raguna biyu ba tare da ya yi shawara da kowa ba, da ma'aikatan asibitin ƙashi na Dala a Kano da suka sa mini ƙarfe. Samarin unguwarmu da suka yi gayya suka kwaso mini gero da sauran riɗin da ke gona, Allah ya ba ku masu yi muku. Inna da maiɗakina kuwa, abin da suka gani a jinyar nan ba na rubutawa ba ne. Allah ya biya su da Aljanna.

Akwai kuma wata godiyar da na san za ta ba wasunku dariya. Ku yi, na yafe.

Ciwon ƙashi daban, ciwon kwanciya daban. Makonni biyun farko zaurenmu bai rabu da mutane ba, daga nan kowa ya koma sabgarsa, kuma haka ya kamata. Ni kuwa aka bar ni da ƙirga azarar ɗaki. Abinci ya fita raina, na zama mai faɗa, yaro ya shigo da gudu sai in daka masa tsawa. Mutumin da ya saba fita tun asuba, yau sai an kawo masa fo. Ana cikin haka ƙanin maiɗakina da ke karatu a Kano ya zo hutu da wata tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka, an ɗaure gefenta da salatif. Ya ajiye mini ita a kan matashi ya ce, "Yaya, ga abin da zai hana ka cinye mana 'yar'uwa da masifa." Akwai wasa tsakanina da shi, don haka ban ce komai ba.

Wasan da ke cikin kwamfutar sunansa Torchlight II. Wani kamfanin Amurka mai suna Runic Games ne ya fitar da shi a 2012, kuma saboda tsufansa ne kwamfuta irin wannan take iya ɗaukarsa, ba ya kuma bukatar data. Ni da iyakar sanina dara a gindin maina da macijin nan na tsohuwar wayar Nokia.

Kafin ka fara, sai wasan ya tambaye ka wane irin jarumi za ka zama, cikin guda huɗu. Akwai Berserker, mai faɗa da farata kamar kerkeci, muka sa masa ɗan tauri. Akwai Outlander mai bindiga da baka, shi ne maharbi. Akwai Embermage mai jifa da wuta da ƙanƙara da tsawa. Na huɗu Injiniya, wani ƙato cikin sulke riƙe da spana da ta kusa kai tsawonsa. Ƙanin nawa ya ce, "Yaya, ɗauki Injiniya." Na ce ina ni ina makanike, ga mai aman wuta? Na ɗauki mai wuta. Da aka zo zaɓen wahalar wasa, ita ma hawa huɗu ce, na tsallake biyun farko na ɗauki ta uku, wai ni ba yaro ba ne.

Kwana uku ana kashe ni. Mai wutar nan jikinsa ba ƙwari, duka kaɗan ya kwanta. Dole ka riƙa harbi kana ja da baya, idonka ɗaya a kan jar ƙwarya mai nuna sauran ranka, ɗayan a kan shuɗiya mai nuna ƙarfin da kake jifa da shi, in ta ƙare ka zama fanko a tsakiyar dodanni. Ga hannun da ya saba da fartanya, ko linzamin kwamfuta ba ni da shi a lokacin, da ɗan yatsa nake goga. A rana ta uku na rufe ta na juya fuska bango. Wanda ƙasa ta riga ta kayar ba ya son wata kayarwar, ko da ta wasa ce. Na fi baƙin ciki ranar fiye da kafin a kawo mini ita.

Yaron nan bai yi mini dariya ba, kuma a kan wannan nake gode masa fiye da kwamfutar. Da safe ya dawo da linzami, ya buɗe sabon wasa, ya zaɓi Injiniya, ya mayar da wahalar hawa na biyu, ya miƙo mini ba tare da ya tuna mini maganar jiya ba.

Wallahi sai ka ce an sauke mini dutse. Injiniya tun farkon wasa yana iya ƙera wani ɗan mutum-mutumin ƙarfe da ke bin sa duk inda ya je, yana yi masa magani lokaci zuwa lokaci. Ka yi kuskure ka faɗa cikin taron maƙiya, sulke ya tare wani dukan, ɗan ƙarfen nan ya ɗinke saura. In ka ɗan yi gaba kuma ka samu wata garkuwa da ke lulluɓe ka ta shanye duka na wani lokaci. Aikinka bai wuce ka matsa kusa ka sauke guduma ba. Maɓalli biyu sun ishe ka yini guda. Wannan shi ne abin da sabon shiga yake bukata: jarumin da zai yafe masa kuskure har hannunsa ya faɗa, ba wanda ya fi kowa kyan gani a hoto ba.

Kada in zalunci sauran ukun. Mai wuta a hannun gwani ya fi Injiniya saurin share fili, na gani da idona da ƙanin nawa ya karɓa. Ɗan tauri yana da daɗi, sai dai ƙarfinsa a kai farmaki ba tsayawa yake, wanda bai san lokacin ja da baya ba zai sha ƙasa. Maharbi kuwa sai ka iya tsare tazara, shi ma ba ya jure duka. Duk cikinsu ba na banza, lokacinsu ne bai yi ba ga mutum irina.

Tun da samari da yawa sun tambaye ni a zaure, ga abin da na koya da wahala. Duk matakin da ka hau ana ba ka maki biyar na gina jiki da maki ɗaya na dabara. Na jikin nan, in Injiniya ne, ka fi zubawa a ƙarfi da juriya. Na dabara kuwa kada ka watsa shi ko'ina kamar mai shuka mudu ɗaya a gona biyar, domin maki ukun ƙarshe kawai wasan yake yarda ka janye, na baya ya zauna ke nan. Akwai wani zaɓi da ake kira Hardcore, kada ka taɓa shi: a can in jaruminka ya mutu ya tafi har abada. A wasan da aka saba kuwa, in an kashe ka kana iya tashi a wurin ka yi asarar zinare, ko ka koma gari ka tashi kyauta. Ni ɗan kasuwa ne, gari nake komawa.

Abin da ya fi burge yaran gidanmu shi ne dabbar da ake ba kowane jarumi. Na zaɓi shaho. Yana taya ka faɗa, in jakarka ta cika ka ɗora masa kayan ya kai gari ya sayar ya dawo da kuɗin cas, har magani yana sayowa in ka rubuta masa. Na ce da ina da irinsa ranar Alhamis ɗin nan, da shi zan aika Maigatari in zauna a gida da ƙafata.

Inna ma tana da nata hukuncin. Ranar da ta leƙo ta ga wuta na fita daga hannun mutum, ta yi a'uziyya ta ce wane boka na shigo da shi ɗaki. Da ta ga na spana sai ta ce, "To, wannan dai mai sana'a ne." Malam liman da ya zo dubiya ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Kada dai ta ci maka salla." Na riƙe wannan, da an kira salla nake rufewa. In ma na yi niyyar zarcewa batirin ba ya wuce awa ɗaya da rabi.

Maganar batirin nan ta kawo ni kan mai shagon caji na bakin kasuwa. Kullum da hantsi ɗana yake kai kwamfutar a cikin zani saboda ƙurar hunturu, a jona ta a sola, bayan la'asar a dawo da ita, wata biyu cur bawan Allah nan bai karɓi ko sisi ba. Allah ya yi wa shagonsa albarka. Haka malamin lissafi na sakandaren garinmu, da ya zo wata Asabar da tasa kwamfutar muka haɗa su, tun da wasan yana ɗaukar har mutum shida tare. Shi ya ɗauki maharbi yana harbi daga bayana, ni ina gaba ina shan duka, ɗan ƙarfena yana yi mana magani mu biyu. Kowa kuma ganimarsa daban yake gani, ba rigimar rabo. Maiɗakina ta ce ranar ce ta fara jin dariyata tun daga Dala, kuma ranar na cinye tuwona har na nemi ƙari.

Duk wanda ya zo, da wanda ya aiko, da wanda ya yi addu'a daga nesa, Allah ya saka da alheri, ya raba ku da kwanciyar jinya. Wanda na ɗaga wa murya a kwanakin nan ya yafe mini.

Kwamfuta za ta koma Kano ranar Lahadi da mai ita. Injiniyana na bar shi a mataki na 27, a wata hamada mai tudun yashi kamar ka doshi iyakar Nijar, na ce kada a goge mini shi sai hutu mai zuwa. Saura linzami. Ƙanin nawa ya ce wani yaro ne ya miƙo masa a ƙofar gida ya ce an ce a ba mai jinya, ya ruga kafin a tambaye shi. Baƙi ne, maɓallinsa na dama ya ɗan karce. Mai shi ya zo ya karɓi kayansa, ko dai ya aiko mini in san wanda zan gode wa.