Jinin da na gani a jakar fitsari

Ina shekarata ta huɗu a koyon tiyata aka kawo mana wani dattijo mai ciwon suga, wanda ya daɗe yana shan taba. Ƙafarsa ta hagu ta yi sanyi, da dare ba ya samun barci sai ya sauko da ita daga gado. Hoto ya nuna babbar jijiyar da ke kai wa ƙafar jini ta toshe tun daga cikin ƙugu. Zuciyarsa ba za ta jure buɗe ciki ba, sai malamina ya ce a ɗebo jini daga jijiyar cinyar dama a tsallaka da shi zuwa ta hagu, ta bututun Dacron, wato jijiyar roba da ake dasawa, mai faɗin milimita 8.

Hanya biyu ake bi da bututun. Ko dai ta ƙarƙashin fata a saman mara, ko ta bayan tsokar ciki, inda akwai ɗan sarari tsakanin ƙashin mara da mafitsara, wanda aka sa wa sunan Retzius, masanin jikin ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin. Baba ramamme ne, muka zaɓi ta biyu don bututun ya samu rufi. Ni aka miƙa wa ƙarfen huda hanya.

Akwai tabo a mararsa. An taɓa cire masa furostet, ƙullin da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, ta cikin mafitsara, aikin da dattawanmu da yawa ke ɗauke da tabonsa. Na gani, har na rubuta a takardarsa da hannuna, amma ban tsaya na yi tunanin abin da yake nufi ba: sararin nan ya riga ya rufe, mafitsara ta manne da bangon ciki. Da ƙarfen ya cije a tsakiya, na ɗan ƙara ƙarfi, ya wuce. Har yau hannuna bai manta wannan wucewar ba.

Ƙafa ta yi ɗumi tun muna kan tebur. Da daddare sista ta ɗaga mini jaka ta ce, "Likita, fitsarin nan ja ne fa." Na ce heparin ne, maganin tsinka jinin da muka ba shi, ga kuma robar fitsari da kan jawo ɗan jini. Kwana biyu fitsarin ya washe, aka sallami Baba.

Bayan wata bakwai ɗansa ya dawo da shi. Zazzaɓi, zafin fitsari, jini yana zuwa yana ɗaukewa. A garinsu an ce tsargiya ce, ya sha praziquantel har sau biyu, kuma ban ga laifinsu ba, don a yankin da ake noman rani ita ke fara zuwa ran kowa. Da likitan mafitsara ya zura kyamara, sai ga bututun nan kwance a cikin mafitsara, ya shiga ta nan ya fita ta can, tsakuwa ta taru a jikinsa. Dacron saƙa ne. In ƙwayoyin cuta suka samu wurin zama a cikin zarensa, magani ba ya fitar da su, sai an cire shi.

Muka fara jawo wa ƙafar jini daga jijiyar ƙarƙashin ƙashin wuya da sabon bututu na wata irin roba da ake kira PTFE, nesa da wurin da ya ruɓe. Sannan aka cire tsohon, aka ɗinke mafitsara hawa biyu da zare mai narkewa. Robar fitsari ta zauna kwana 14, ba a cire ba sai da hoto ya nuna babu yoyo.

Kafin aikin na zauna a gefen gadonsa na faɗa masa da bakina. Na ce, "Baba, ni na bi da bututun nan ta inda bai kamata ba." Ya daɗe bai yi magana ba, sannan ya tambaya ko ƙafar za ta tsira. Ta tsira.

Yanzu duk wanda na ga tabo a mararsa, ta ƙarƙashin fata nake bi. Ba na huda hanya sai na tabbatar mafitsara babu komai a ciki, kuma yatsa ke yin gaba, ƙarfe na biye. In na ga ja a jaka, ko kaɗan ne, a nan kan tebur nake cika mafitsara da ruwa mai shuɗin launi in duba ko zai ɓullo a raunin cinya. A daren nan ma da abin da ya kamata in nema ke nan, lokacin da sista ta ɗaga mini jakar.