Ziniyata ta daina sunkuyar da kai

'Yan uwa masu koyon noman furen yanka, alhamdu lillahi, yau bokiti biyu na furen ziniya sun shiga Kano a miƙe!

Kun san sau uku ina kai wa mai kwalliyar biki ziniya, kafin mu haye gadar Tamburawa kawunan sun langwaɓe kamar alayyafon da ya wuni a tire. Na ukun ta ƙi karɓa, kuma ban ga laifinta ba. Kuɗin mota da na iri, ₦9,000 suka bi ruwa. Har yanzu abin yana cina.

Babu abin da ban zarga ba. Na koma yanka da sallame asuba, na tsige ganyen da zai taɓa ruwa, na wanke bokiti tas, na sa sukari kaɗan, na ɗiga Hypo. Ruwa ya daina wari, wuya bai daina karyewa ba.

Ranar Asabar da marka ta ɗan lafa, na hau babur na nufi wajen Kadawa, lambun wani dattijo a bakin kanal. Ƙarshen Agusta ne, komai ya buɗe lokaci guda: ziniya ja, da ruwan hoda, da ruwan goro, marigol mai ruwan ɗorawa a gefen kunya, gomfirina shunayya kamar maɓallan riga, malam-buɗe-littafi ko'ina. Na daɗe a tsaye kafin na tuna abin da ya kawo ni.

Dattijon ya miƙo min wuƙa ya ce in zaɓi guda. Na nufi wata ja mai ɗaukar ido. Ya riƙe min hannu.

"Ɗana, da ido kake yanka. Kama karan, taƙi ɗaya ƙasa da furen, ka girgiza."

Na girgiza, kan ya yi ta lilo. Ya nuna min wata da ta girme ta da kwanaki, na girgiza, ƙyam take. Ashe wuyan ziniya cikinsa rami ne kamar bututu, kuma sai furen ya gama buɗewa yake yin ƙwari. Ni kuwa sabbin buɗewa nake tsinta, wai don su fi daɗewa a hannun mai saye. Da hannuna nake zaɓo waɗanda za su faɗi! Ya ce kuma in riƙa yankowa can ƙasa, saman ganye biyu masu kallon juna, nan ne rassa biyu za su fito da dogon kara.

Yau da asuba sai da na girgiza kowace ɗaya. Fiye da rabi na bari a gona, hannuna yana ƙaiƙayi. Hajiya mai kwalliyar biki ta ɗaga su ɗaya bayan ɗaya, ta ce in ƙaro ranar Alhamis.

Saura ɗigon baƙin da ke cin ganyen ƙasa tun da ruwa ya yi yawa. Na san cunkosa su na yi, iska ba ta ratsawa. Gobe zan tuge layin tsakiya, ko da yake shi ne ya fi fure.